Baƙuwar da Ba Ta Yi Anko Ba

Da rana tsaka zazzaɓi ya kayar da Dakta Sahura a gonar gwajin alkama da ke bayan madatsar ruwa. Ta lallaɓa rumfar kara, ta jingina da buhun taki, wai za ta ɗan huta. Ina hutu ga wadda ta bi ƙauyuka tana raba iri guda, alkamar taliya mai ƙwaya tsaf-tsaf, ga shi bana cutar tsatsa ta bi gonakin kaf ta lashe? Da safen nan kawunta Ilu ya zo da zangarniya, ya murje ta a gabanta, ba abin da ya fito sai ƙaiƙayi da jan gari.

"Sahura, ke kika ce mu bar namu mu ɗauki naki," in ji shi. "To, baɗi me za mu shuka?"

Tambayar ta fi zazzaɓin cin ranta. Sai ta huce haushi a kan wani layi na ƙarshen gona, inda ta taɓa aura wa alkamar wata ciyawar daji, danginta na nesa, da aka kawo irinta daga ƙasashen duwatsu. 'Ya'yan sun fito munana, gajeru, gashi buzu-buzu, da an taɓa su sai su zubar da ƙwaya. Ko kallon kirki ba ta yi musu ba ta ce wa Baba Gambo, mai kula da gonar, ya yanke ya ba shanu.

Yanzu a rumfar, idonta na rufuwa, hantsakin da take buɗe furen alkama da shi ya yi tsalle daga aljihunta, ya miƙe har ya kai tsawon mutum, ya tsaya da ƙafafunsa biyu na ƙarfe.

"Tashi," ya ce. "An fara biki babu ke."

Suka bi magudanar ruwa, wadda yau take gudu zuwa tudu, silin taliya na malala a cikinta maimakon ruwa. A ƙarshenta gonakin sun haɗe sun zama filin biki. Mata ne iya ganin ido, duk cikin anko ruwan zuma, tsayi ɗaya, fuska ɗaya, har wushiryar ɗaya ce. In ɗaya ta gyara ɗankwali sai duka su gyara. Sahura ta ji daɗi ya ratsa ta, don ita mace ce mai son ganin abu a jere.

"Wa ya fitar da ankon nan?"

"Ke," in ji hantsaki.

Sai ga wani ɗan tsurut ɗin mutum, ja wur, da mabuɗi rataye a wuya. Ya durƙusa ya gaishe ta cikin ladabi.

"Ranki ya daɗe, na gode. Da can kowace ƙofa da irin kwaɗonta, ina shan wuya. Yanzu mabuɗi ɗaya ya ishe ni."

Ya soka shi a ƙirjin ta farko ya murɗa. Ta yi tari, jan gari ya fito, filin gaba ɗaya ya ɗauki tari. Suka fara zubewa layi-layi. Sahura ta ruga ta tallabi wannan, waccan ta faɗi, wadda ke hannunta kuma ta zama ƙaiƙayi. Kowace in za ta faɗi sai ta buɗe baki, muryar Kawu Ilu ta fito: baɗi me za mu shuka? Tsoro ya kama Sahura irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta yi ta neman fuska ɗaya da ta bambanta, ko mai tabo ce, ko mai harara-garke, ba ta samu ba.

Hantsaki ya cafki gefen mayafinta ya ja ta ta ƙofar baya, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ƙasa ta kumbura ƙarƙashinsu ta zama dutse, gefe guda ƙanƙara, gefe guda rana kamar bakin murhu. A kan iyakar wata tsohuwa ke zaune, gashinta tsaye cirko-cirko, zanenta duk ƙaya, wuyanta ɗaure da tsakiya mai ƙananan duwatsu. Jan mutumin ya riga su isowa, yana ta cusa mabuɗinsa a ƙirjinta, mabuɗin na lanƙwashewa.

"Ƙyale shi," in ji tsohuwar. "Tun ba a ƙera lauje ba muke wannan da shi."

Sahura ta zube a gabanta. "Iya, ki taimake ni. Mutanena za su kwana da yunwa."

"Na zo bikin jikokina, aka ce ban yi anko ba."

"Ki ba ni maganin, ko nawa ne."

"Ba a jiƙa shi a sha, 'yar nan. A jini yake. Sai an haɗa zuri'a, a jure munin 'ya'ya, a jira jikoki." Ta miƙo hannuwanta, sirara kamar kara, fes, babu ko ɗigon ja. "Ai na ba ki nawa 'ya'yan. Ina kika kai su?"

Sahura ta ƙura wa hannuwan ido. Ta san su: karan munanan 'ya'yan nan ne da ta sa a yanke. Da safen nan ta wuce su a ƙarshen gona, su kaɗai ne ba su ɓata mata farar riga da jan gari ba.

Daga bayan dutsen wani sauti ya taso, sharr, sharr. Da kowane sharr sai wani sashe na tsohuwar ya ɓace, ƙafa, gwiwa, kafaɗa. Sahura ta kai hannu ta rungumo abin da ya rage.

"Ni ba a ɗaure ni a dami," in ji tsohuwar. Tsakiyar ta tsinke, duwatsun suka watse ko'ina.

Firgigit ta farka, jiƙe da gumi, rana ta karkata. Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta keta gonar da gudu tana kiran Baba Gambo, ta same shi a ƙarshen layin yana goge lauje, gabansa babu komai sai kututturen kara.

"Dakta, lafiya? Ai na cika umarni. Shanu ma sun gama da shi."

Ta faɗi a kan gwiwa, ta dafa ƙasa, kuka ya ƙwace mata. Sai ta ji wani abu ya soke ta a tafin hannu. Ta ɗaga ta duba: ƙwaya ce, siririya, mummuna, da guntun gashi a kanta. Ga wata a tsagar ƙasa, ga wata can tururuwa ta ɗauka ta nufi rami da ita.

Baba Gambo ya matso zai ɗaga ta.

"Baba, tsaya nan!" ta ce. "Don Allah kar ka ɗaga ƙafarka."