Tayoyin Mai Faci

"Ya sauka! Malam, buɗe, wallahi ya sauka!"

Mai faci ne ke dukan ƙofata kamar gobara ta tashi. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu, bai taɓa kawo labarin da ya isa a ajiye littafi dominsa ba. Na ajiye duk da haka.

"Me ya sauka? Farashin taya?"

"Zazzaɓin Uwargida mana! Zo ka taɓa goshinta, sanyi ƙalau!"

Uwargida jikarsa ce, 'yar shekara huɗu. Shi ya laƙaba mata sunan, don ita ke juya gidan. Kwana huɗu jikinta zafi rau, tana kukan kai da ido da ƙasusuwa. Sai da suka ɗura mata maganin maleriya na kwana biyu kafin uwarta ta kai ta asibiti, gwaji ya ce ba maleriya ba ce. Likita ta ce tana zargin zazzaɓin denge. Ta hana asfirin da danginsa, ta ce farasitamol kawai, a yi ta ba ta ruwa, ta haɗo su da takardar gargaɗi. Ni aka kawo wa takardar. A layinmu ba a tunawa da ni sai rubutu ya yi ƙanana.

Na tarar da tsakar gidan cike da mata ana ta barka da arziki, uwar tana dariya tana share hawaye. Yarinyar kuwa ta duƙunƙune a tabarma ta riƙe ciki. Na kama hannunta, sanyi da danshi. Na ɗaga leɓenta, jini a dasashi.

"Sau nawa ta yi amai?"

"Sau uku, Baba," in ji uwar. "Ai ciwon ne ke fita."

"Da bakina na karanta muku. Ranar da zafin ya sauka ita ce ranar tsoro. Ciwon ciki, amai, jini, sanyin hannu. Ga su nan duka."

"Kai dai ba ka son ganin mutane suna murna," in ji Mai faci.

"Ba na so. Ɗauke ta."

Ya dube ni, ya dubi bakin yarinyar, sai ya sunkuce ta ya saɓa a kafaɗa. Tsoho mai shekara kusan saba'in, da maganin zuciya a aljihu, amma ya riga uwar isa bakin titi. Ya tsaya gaban tasi har sai da direban ya taka burki yana zage-zage.

Rabona da asibitin nan tun ranar da na fito da jakar matata ba tare da ita ba. Bencin nan dai shi ne, ba su ko sake masa fenti ba. Aka sa wa Uwargida ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka ce za a riƙa auna ta kowane 'yan awoyi, a kuma lura da fitsarinta.

"Likita, daga ina wannan masifa?" in ji Mai faci.

"Sauro ne, Baba, mai zanen fari a ƙafa, da rana yake cizo. A ruwan da ya kwanta yake ƙwai. Gwangwani, randa a buɗe, tsohuwar taya."

Muna dawowa, ya zarce bayan gida.

A bayan gidansa akwai tayoyi sun fi ɗari biyu. Bai taɓa yar da ko ɗaya ba, wai kowace akwai ranarta. Ya leƙa ta farko. Ruwan sama ne kwance a ciki, tsutsotsi na wutsil-wutsil.

Wanda bai taɓa gwadawa ba bai san ruwa ba ya fita daga taya. Ka kifa ta, ya zagaya ya koma ƙasa. Sai ya ɗauko wuƙar aikinsa ya shiga huda su ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu yana yi cikin rana, gumi har gwiwa.

"Huta, tsoho," na ce masa ta saman katanga. "Wanda ya cije ta ya riga ya cije ta."

"In ta dawo fa? Kai da ka karance duniya, sauko ka riƙe min."

Na sauko. Ban taɓa riƙe abin da ya kai tayoyin nan ƙazanta ba.

Rana ta uku da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya yar da wuƙar, ya fita layi ba takalmi.

"Ta ci abinci! Jama'a, ta ci! Har ta ce wa nas muguwa!"

Ya rungumi mai shago, ya rungumi tela da tsinken allura a baki, ya dawo ya rungume ni da hannuwansa baƙi ƙirin. Jibi za a sallame ta.

"Saura bakwai," ya ce yana haki. "Kafin Uwargida ta zo ta yi min bincike."

Ya ciccibi tayar babbar mota, ya tayar da ita tsaye, sai ya sake ta. Ya zauna a kanta a hankali.

"Malam, riƙe min nan," ya ce, yana nuna ƙirjinsa.

Na riƙe. Kafin tela ya kawo mota, Mai faci ya cika, da sauran dariya a fuskarsa. Sauran bakwai ɗin ni na huda su, bayan mun dawo daga maƙabarta.

Ran da aka sallamo Uwargida, gidan cike yake da masu gaisuwa, uwar ta rasa inda za ta sa ta. Ta miƙo min ita da kofin ruwan gishiri da sukari.

"Baba Malam, ka ce wa Kaka na dawo," in ji yarinyar. "Bai zo ɗaukata ba. Mun ɓata."

Muka zauna a dakali. Da filasta a bayan hannunta, don haka ni na riƙe mata kofin. Tana kurɓa kaɗan-kaɗan, tana leƙen bakin layi.