Ƙafar Auta

Motar lafiyarta ƙalau muddin tana tsaye. A murɗa makulli ta tashi, inji ya yi ta gurnani a hankali abinsa. Amma da zarar Auta ta taka birki ta ja giya don ta yi gaba, sai motar ta yi wata irin girgiza ta mutu. Ta tayar, ta sake ja, ta mutu. Ko baya ta sa, haka ne.

Auta tela ce, shekararta hamsin da biyu, kuma har yau Auta ake ce mata don yayanta bai yarda ta girma ba. Bayan rasuwar mijinta ta koyi tuƙi, saboda ta gaji da jiran wanda zai kai ta sayen yadi ya dawo da ita. Wata takwas tana jan tsohuwar otomatik ɗin da marigayin ya bari, ko bangon wani ba ta taɓa gogewa ba. Sai ga wannan.

Maƙwabta suka tura mata motar zuwa garejin Yaya, wanda ke ƙarshen layinsu. Garejin ɗan tsut ne, mota ɗaya yake ci, kuma ƙasansa ya gangara wajen bango. Shekarun baya wata mota ta zabura a giya ta matse Yaya da bangon nan, ƙafarsa ta dama ba ta ƙara miƙewa daidai ba. Tun daga ranar ya kafa doka: ba a sa wa mota giya a garejinsa sai tana kan jak, tayoyin gaba a sama. In ya gama aiki, sai a turo ta bakin titi a ba mai ita.

Ranar farko ya canza fulogi, ya wanke hanyar iska. Ya shiga, ya ɗan shafi birki da yatsun gurguwar ƙafarsa, ya ja giya. Tayoyi suka yi ta juyawa a sama, inji ko tari bai yi ba.

"Ga motarki," in ji shi.

Aka turo ta waje. Auta ta shiga, ta gyara zama, ta taka birki sosai yadda aka koya mata, ta ja giya. Motar ta mutu.

Yaya ya sosa ƙeya. Washegari ya gano wani ɗan tiyo da ya tsage, ya canza, ya gwada a gabanta sau biyar. Aka fito da ita, ta mutu a hannun Auta. A nan ne ya dubi ƙanwarsa maimakon motar.

"Auta, ƙafarki ce. Kin saba da danna keken ɗinki, kina taka birki kamar za ki kashe kunama."

"To Yaya, da can ba da ita nake takawa ba?"

"Da can ba ki firgita ba. Mota tana gane in mai ita na jin tsoro."

Maganar ba ta da kai, amma daga bakin Yaya ta fito, kuma shekara talatin mutane na kawo masa motoci. Auta ta koma shago kanta a ɗaure. Ta zauna gaban keke ta kasa ɗinki, tana kallon ƙafarta kamar ta aro ce. Shin nauyi ta ƙara? Ko rawa take yi ita ba ta sani ba? Har ta cire takalmi ta motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ba ta tsoro, gaskiya, don ta san yadda tsufa ke shigowa, ba ya sallama.

Labari ya kai kunnen ɗanta, malamin makaranta, wanda ko keke bai iya hawa ba amma yana da ra'ayi a kan tuƙi. Dama can hankalinsa bai kwanta da motar nan ba.

"Umma, in gobe Kawu ya sake cewa lafiyarta ƙalau, ki ba ni makullin. Yau a ƙofar gareji ta mutu miki, gobe a tsakiyar titi ce."

Ta ce to.

Washegari da hantsi su uku suka haɗu a garejin. Motar na kan jak. Yaya ya shiga, ya ja giya, tayoyi suka ɗauki juyi gwanin sha'awa. Malam ɗan nata ya gyaɗa kai, har ya fara miƙo hannu don karɓar makulli.

Auta ba injin take kallo ba, don ba ta san komai a cikinsa ba. Tayoyin take kallo, suna ta gudu ba su taɓa komai. Sai ta tuna wani mai gyaran keken ɗinki da ya taɓa wahalar da ita. Kullum ya juya keken ba yadi a ƙarƙashin allura, ya ce ya gyaru, ita kuwa tana sa atamfa sai zare ya cukurkuɗe.

"Yaya," ta ce a hankali, "ka taɓa sa mata giya tana ƙasa?"

"Kin san ba na yi."

"Na sani. A waje nake nufi, inda take mutu mini. Kai a sama kake gwadawa, ni a ƙasa. Ta yaya muka san ƙafa ce?"

Malam ya dubi wannan ya dubi wancan, hannunsa na nan a miƙe, ya rasa inda zai kai shi.

Aka sauke motar aka turo ta bakin titi. Yaya ya daɗe tsaye a ƙofarta kafin ya shiga, kuma Auta ta ga gumi a goshinsa. Sai a lokacin ta gane abin da ta nema a wurinsa, tausayinsa ya kama ta. Ya tayar, ya shafi birki da yatsunsa yadda ya saba, ya ja giya. Motar ta zabura taku ɗaya, ta shaƙe, ta mutu.

Ya zauna riƙe da sitiyari. Da ya yi magana, ɗan ƙanwarsa ya yi wa.

"Akwai wani abu tsakanin inji da giya da ya kamata ya saki in mota na tsaye. Ya maƙale. Taya na sama, juyawa kawai za ta yi, ba za ka sani ba. Tana ƙasa kuwa, dole inji ya shaƙe." Ya share fuska da tsumman hannunsa. "Sauke hannunka. Ba ƙafar uwarka ba ce."

Ya fito da ƙyar, ya buɗe bonet, ya kara kunne kusa da injin.

"Auta, shiga ki sa mata giya in saurara. Ki taka yadda kika saba."

Ta shiga, ta gyara zama, ta danna birkin da dukkan ƙarfinta, ta ja giya. Motar ta yi girgizarta ta mutu. Auta ta kifa kai a kan sitiyari tana dariya, hawaye na zuba a kan zanenta.