Ranar da Ba-Birki Ya Wuce Gida

Duk wanda ya san ƙwallo a Jos ya san Shu'aibu Ba-Birki. 'Yan tasha ne suka laƙaba masa sunan, domin a zamaninsa in ya kwaso ƙwallo daga tsakiyar fili ba ya tsayawa sai ta kwanta a raga. A shekarar 1978 gwiwarsa ta dama ta soma ƙara kamar tsohon ƙyaure, sai aka ba shi kocin wata ƙungiya a Bukuru, Taurarin Kuza. Ya iya koyarwa, wannan kam ba a ƙwace masa. Abin da ya gagare shi shi ne barin takalman wasansa a gida.

"Malam, koci fa kake yanzu," in ji matarsa Balaraba, da ta ga yana cusa su a jaka. "Waɗannan kuma na mene ne?"

"Ko wani zai ji ciwo."

Ba wanda ya ji ciwo. Wasan ƙarshe ne da 'yan Jos Jarawa, wanda ya ci shi zai hau babban rukunin jiha. Ana kunnen doki, lokaci ya kusa cika, alƙalin wasa ya ba Taurari fenariti. Dalyop, ɗan wasan gaban da Shu'aibu ya horar da kansa, ya ɗauki ƙwallo. A shekarar nan kaf bai taɓa zubarwa ba.

Sai ga koci yana ɗaure takalmi.

"Oga, ka bari ni zan buga," in ji Dalyop.

"Fito, na ce!"

Shu'aibu ya shiga yana ɓoye ɗingishi, yana jiran ya ji fili ya ɗauka da "Ba-Birki!" kamar dā. Fili ya yi tsit. Can wani kwandasta daga tashar Terminus ya ɗaga murya kamar fasinjan da ya iso inda za shi: "Akwai sauka!"

Aka fashe da dariya. Kafin ya ja da baya don ya buga, har magoya bayansa sun kama: "Akwai sauka! Akwai sauka!"

Ya sheƙo, gwiwa ta ƙi. Ƙwallon ta gangara a hankali, gola ya tsince ta yana sunkuyar da kai, ya jefa gaba, 'yan Jarawa suka je suka ci.

Da zaginsa 'yan wasan suka yi, da ya fi masa sauƙi. Dalyop ma jaka ya ɗaukar masa, yana cewa, "Sannu, Oga." Kunya ta rufe shi.

Ya daɗe bai leƙa waje ba. Ranar da ya daure ya je Terminus, ya hau bas ta Bukuru a dawowa, ya lafe a kujerar baya ya ja hula. Gidansa a bakin hanya yake, tun kafin a shiga gari. Ya hango ƙofar, ya hango Balaraba tana shanya. Ya buɗe baki, sai ya ga bas cike da mutane, wasu ma sun gane shi tun a tasha. Ya tuna "Akwai sauka" zai ce, sai ya ƙara jan hula.

Bas ta wuce gidan. Sai da ta kai tashar ƙarshe kowa ya fita, sannan ya fito, ya dawo a ƙasa da gwiwar nan tasa.