Ƙofar Hagu

Sunana Namadi, aikina bugun kwano da ƙera bodin mota. Mutumin Bagudo ne ni, amma na ƙetare kogin Kwara na kafa rumfa a Ka'oje, don ta nan ne motoci ke bin hanyar Dahome. A kawo mini mota daga inji sai ƙafafu, in ɗora mata haƙarƙarin maɗaci, in buga mata kwano a kan kututture har ya lanƙwasa yadda nake so. Hannu kam ina da shi. Jin magana ne ba ni da shi, kowa ya shaida.

Shekarar da za a ba mu mulkin kai, Labbo direba ya jawo wata tsohuwar motar Faransa daga Kandi ta ƙasar Dahome, goshinta a lotse, bayanta babu ko katako ɗaya. Wata biyu na yi a kanta. Murfin ƙafar gaba kaɗai ya ci mini kwana shida, ina bugu ina shafawa da tafin hannu, don hannu ya fi ido ganin tudu a jikin kwano. Da muka zo kan ƙofar fasinja, Labbo ya ce a yanka ta ta baya.

"Motar nan rabin tafiyarta a Dahome ne, ƙasar Faransawa," in ji shi. "Can dama suke bi, ba hagu kamar mu ba."

Na ce masa ƙofar baya tana raunana bodi, sai an yanke ginshiƙi biyu. Ya sake magana, na ce, "Ni za ka koya wa aiki? Kai dai riƙe sitiyarinka." Ya bar ni da aikina. Na yanka ƙofa a hagu kamar yadda nake yi wa kowace mota, na yi mata matakala uku da mariƙin ƙarfe. Ƙofa ce mai kyau, wallahi. Ba ta ƙara, ba ta cijewa.

Matata Sabuwa tana kai bandar kifi kasuwannin iyaka. Ɗiyar Goggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta rene ni tun ina ɗan shekara huɗu. A ƙarshen damina Sabuwa ta shiga motar Labbo zuwa Segbana, cikin Dahome. Da suka isa, ya tsaya a bakin hanya hannun dama, yadda dokar can ta ce. Ƙofata ta buɗe a tsakiyar titi. Sabuwa ta sauko da baya-baya, kwando a ka, kamar yadda ta saba sauka a Lolo, nan ɓangarenmu, inda ƙafarta ke dira a kan ciyawa. Wata babbar motar kaya ta fito daga bayansu.

A cikin motar Labbo aka kawo ta, kwance a kan katakon da na goge da hannuna. Ban yi kuka ba. Na dai lura wata ƙusa ta ɗago a daɓen motar kusa da ƙafarta, na ce a raina wannan sai an buga ta.

Wurin zaman makoki Goggo ta ce, a gaban mata, Labbo ya sauke mata ɗiya a tsakiyar hanya kamar buhun gero. Magana ta zaga gari. Mutane suka daina shiga motarsa. Mata masu kifi suka koma bin jakuna, in ya zo majalisa sai a ga kowa ya tuna yana da wani uzuri. Mutum mai iyali tara, motarsa tana tsaye ƙarƙashin tsamiya kaji suna kwana a ciki. Bai ce wa kowa uffan ba. Ni ma ban ce ba. Ina ji ana tsine masa, ina amsa gaisuwar ta'aziyya.

Cikin kwanakin nan aka yi bikin 'yancin kai. Aka sauke wata tuta aka ɗaga wata, makaɗa suka wuce ta gaban rumfata. Na leƙa na koma ciki. Turawa iri biyu sun tafi, kowanne ya bar mana hannun da yake tuƙi.

Bayan sadakar arba'in, da hantsi, Labbo ya kawo motar. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

"Namadi, rufe ta," ya ce. "Ka yanka ta baya."

Ban yi gardama ba. Na cire ƙofar, na jingine ta a bango. Na zaɓi katakon maɗaci biyar, na feƙe su da gizago, na jera a gurbin. Sabon katako ja ne, tsohon ya dushe, duk wanda ya duba zai san an taɓa yin ƙofa a wurin. Na koma baya na sa zarto a ginshiƙan nan biyu da na yi ta taƙama a kansu. Na ɗaure wurin da ƙarfe, na girgiza bodin da ƙarfina. Ko motsi bai yi ba. Ashe dama zai iya ɗauka.

Labbo yana zaune a kan kututturen da nake bugun kwano, yana kallo. Na ce, "Me ya hana ka faɗa musu ka ce a yi ta baya na ƙi?"

"Ba maganata ba ce," in ji shi. "Taka ce."

Na ajiye zarto na wanke hannu. Na tafi gidan Goggo da ƙurar katako a gashina.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Na faɗa mata duka, tun daga ranar da Labbo ya ce a yanka ƙofa ta baya, har abin da na ce masa, kalma da kalma. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kamar ina faɗa wa mai mota abin da ya lalace. Na ce, "Goggo, Labbo ya tsaya daidai. Ni na sa ƙofar. Ki yafe masa a gaban mutane, yaransa suna jin yunwa."

Ba ta daina ɓarar gyaɗa ba.

"Na sani," ta ce. "Asama'u maƙwabciyarmu tana cikin motar, ta faɗa mini tun ranar uku. Har gardamar da kuka yi a rumfa an faɗa mini."

Na ɗaga kai na dube ta, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri ɗiyarta.

"To, Goggo, me ya sa?"

"Biyu na rena, Namadi. Ɗaya tana ƙasa. In na ce kai ne, wa ya rage mini?"

"Labbo fa?"

"Labbo yana da uwarsa."

Ta karkaɗe zanenta, ta shiga ɗaki, ta fito da akushin tuwo ta ajiye a gabana. Ta tsaya a kaina har na sa hannu.