Biyu Kacal a Tsakiya

"Cire wancan, 'Yar Ofis," in ji Gwaggo mai ɗinki daga kan katifa. "Uku ne a tsakiya. Ba ke kika ce biyu kacal ba?"

'Yar Ofis ta zare fil, ta mayar da koren ƙyallen layin hagu. Ita ta kawo wannan tsari daga wurin aikinta, inda ake manna takardu a allo: aikin da ke jira a hagu, na hannu a tsakiya, da wanda aka gama a dama. Maƙwabciyar tata ba ta karatu, sai suka yi a jikin labule, kowane ɗinki da ƙyallensa. Tun da likita ya sallamo Gwaggo yana kauce wa idonta, burinta ɗaya ne: kada ta tafi da yadin kowa a ɗakinta.

"Da can duka nake farawa," in ji Gwaggo tana tari. "Wadda ta fi baki ita ke fara sa riga."

Matar mai gidan haya ta leƙo da yadi a hannu. "Gwaggo, wannan na gaggawa ne."

'Yar Ofis ta tare ƙofa. "Layi ya cika, Yaya."

"Ke kuma a wa?"

"A mai gadin labule."

Gwaggo ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Da ƙafafun Gwaggo suka kumbura, 'Yar Ofis kan taso daga aiki ta tuɓe takalmi ta taka mata keke, tsohuwa na tura yadi. Da an gama biyu, sai a ciro biyu daga hagu. A ofis an yi mata gorin barin aiki da wuri. Ta nuna musu allonta, babu abin da ya kwana. A labulen Gwaggo kuwa, layin dama ya yi ta cika.

Wata rana da hantsi aka bugo wa 'Yar Ofis waya cewa Gwaggo ta rasu. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba.

Bayan masu gaisuwa sun watse ta shiga ɗakin. Hagu fayau. A tsakiya ƙyalle ɗaya, shuɗi, nata, wanda ita da kanta take ta mayarwa baya don na mutane su wuce. Rigar na ƙarƙashin allura, saura hannu guda.

Ta zauna ta ɗinka. Ya karkace. Ta warware, ta sake.

Sannan ta miƙe, fil a bakinta, ta matsar da shuɗin ƙyallen zuwa dama. Iska ta ɗan kaɗa labulen.