Kwalbar Auta

Kwalbar ba ta kai tsawon yatsa ba, murfinta ja, da ɗan cokali a ciki. Mai wanki ta juya ta a tafin hannu, ta dubi 'yarta Auta: ciki ya ture riga gaba, ƙafafu kamar tsinke.

Malamar asibiti ce ta raba kwalaben a gidan hayarsu, ɗaki-ɗaki, sama da ƙasa. Gobe a kawo ɗan bayan gidan kowane yaro, za a duba tsutsar ciki.

Hajiya mai gidan ta leƙo daga bene.

"Yauwa, za a san masu tara mini ƙazanta. Ɗakin da aka samu tsutsa su nemi wani wuri. Ni jika gare ni."

"Hajiya, ɗaki tara, masai ɗaya," in ji mai gyaran takalmi. "Tsutsar ma layi take bi."

Aka yi dariya. Mai wanki ba ta yi ba. Sati biyu ke nan da ta ga abin da ya fito daga jikin Auta yana motsi, ta rufe shi da toka, ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari ta hau sama kwasar wanki. Fo ɗin jikar Hajiya na bayan ƙofa, ba a zubar ba tukuna. Yarinya mai kumatu, ruwan gora take sha, ba ta taɓa taka kwata ba. Mai wanki ta kwance bakin zani ta ciro kwalbar, ta ɗiba daga fo ɗin da ɗan cokalin.

Bayan kwana huɗu malamar ta dawo da takarda da ƙwayoyi, ƙirgaggu, kowacce da sunan mai ita. Ɗaki takwas aka kira. Hajiya ta ja tsaki. Ko ita ta san ba a korar ɗaki takwas.

Yara suka yi layi suna haɗiya suna yatsine fuska. Malamar ta dubi takarda, ta dubi cikin Auta, ta sake duban takarda.

"Ikon Allah. Ita wannan ba a ga komai ba. Uwar, kin tabbata nata kika kawo?"

Mai wanki ta buɗe baki.

"Wannan mai tsabta ce," in ji Hajiya daga sama. "Shi ya sa na yarda take shigar mini ɗaki."

Mai wanki ta sunkuyar da kai. Malamar ta ɗan jira, sannan ta zuge jaka.

Can jikin katanga Auta ta tsuguna, tana ƙwaƙular ƙasa da farce tana kaiwa baki.