Muryar Inna a Kulle

Kafin Inna ta rasu, 'yarta Hidaya ta sha ɗaukar muryarta lokacin da Innar ke ba jikoki labarin ƙuruciyarta a Zungeru, kuma duk ta adana a kwamfuta. Ran nan sai ga saƙo ya zo wa Hidaya ta imel, wai takardar ɗaukar aiki ce. Tana buɗe takardar kwamfutar ta fara nauyi, kafin la'asar babu abin da ke buɗuwa a ciki. Can sai rubutu ya fito, wai ta biya kuɗi a ba ta mabuɗi.

Ta kai kwamfutar shagon Goodness mai gyara a Dutsen Kura. Goodness ta fara raba ta da intanet, sannan ta sa manhajar bincike ta zaƙulo cutar da takardar ta shigo da ita, ta goge.

"Anti, cutar ta fita," in ji ta, "amma abin da ta kulle yana nan a kulle. Kar ki biya su, sau da yawa karɓa suke su yi shiru. Zan kwafe miki a filash, don masana kan saki mabuɗin irin wannan kyauta."

"Yaushe?"

"Sai dai mu jira, Anti."

Duk ƙarshen wata Hidaya kan leƙa shagon, Goodness ta duba ta girgiza kai. A hanyar gida takan yi ta ƙoƙarin tuno yadda Inna ke jan sunanta, sai ta ji sautin yana ƙara yi mata nisa.